Yadda Ake Ƙara Wa Tarakta Fitilu da Madubai

Yawancin taraktocin da ke aiki a gonakinmu, irin su Massey Ferguson 375 da Mahindra da tsofaffin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, sun fito ne da fitilu biyu a gaba, da ƙanana jajaye a bisa madigadi, da wata guda a baya mai haska garma. Bayan damina uku ko huɗu ana haya, da wuya a samu rabinsu na kamawa, madubi kuwa tun farko reshen bishiya ya yi gaba da shi. Amma da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, manoma suka yi layi kowa na son a kafce masa gona kafin ƙasa ta bushe, direba ba ya sauka da magariba. Haka ma lokacin kaka, tarakta ce ke jan tirela cike da buhunan shinkafa daga gonakin Kadawa ta hau titin Kano zuwa Zariya, tana tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ko 30 a awa, a kan hanyar da motoci ke gudun ɗari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗin duka a kan doguwar fitila mai kashe ido a gaba, a bar baya cikin duhu. Abin da ke gaban tarakta direba na da lokacin ganinsa, domin a hankali yake tafiya. Wanda ba shi da lokaci shi ne mai motar da ya taho a guje ta baya. Saboda haka idan kuɗin bai isa a yi komai lokaci guda ba, da baya ake farawa.

Gano inda direba ba ya gani

Kafin a sayi ko da noti ɗaya, a ajiye taraktar a fili da rana, a maƙala mata tirelar ko garmar da ta fi ja, direban da ke tuƙa ta ya zauna a kujerarsa. Wani ya riƙa zagaya ta a hankali, direban yana faɗin inda ya daina ganinsa, ana zana wurin a ƙasa da sanda. A sake zagayen a sunkuye, domin yaran da ke bin tarakta a ƙauye ba su kai tsayin babba ba. Galibi za a tarar da wurare uku: bayan manyan tayoyin baya, da gefen tirela tun daga tsakiyarta har wutsiya, da kuma daidai inda ake soka ƙarfen jan tirela. Da dare a maimaita da fitilun da ake da su, sannan a ja baya kamar taku ɗari a dubi taraktar kamar yadda mai mota zai hango ta. Abin da aka gani a wannan gwaji shi zai nuna yawan fitilu da madubai da kuma inda za su zauna.

Duba batir da caji

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Tarakta mai tsohon famfon gas ba ta buƙatar wuta da zarar ta tashi, shi ya sa ake samun wadda ta shekara ana tura ta ko ana ajiye ta a gangare, altanetarta, wato na'urar da ke cajin batir, ta mutu ba wanda ya damu. Irin wannan ko an sa mata fitila ta zinariya, awa ɗaya ko biyu za ta shanye batir ta mutu a tsakiyar gona.

A sa mitar auna wuta a kan kawunan batir injin yana kashe. Lafiyayyen batir mai lamba 12V zai nuna wajen 12.6V. A tayar da injin a ɗan ƙara masa wuta, mitar ta hau zuwa tsakanin 13.8V da 14.4V. Idan ba ta motsa daga inda take ba, altanetar ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma sai an gyara wannan kafin a ci gaba. Kada kuma a bi al'adar nan ta tayar da tarakta a cire batir a kai wa wata, domin altanetar da ke juyawa ba batir tana harbo wuta mai hawa da sauka wadda ke ƙona fitilun zamani, wani lokaci har ita kanta.

A kuma duba wane kan batir ne aka ɗaure a jikin ƙarfen taraktar. A kusan dukkan na yanzu, mai alamar ɗebewa (−) ne, amma wasu tsofaffin taraktocin Ingila masu daino, wato tsohuwar na'urar caji, an ɗaure musu mai alamar tarawa (+) ne. Kwan fitila na gargajiya bai damu da wannan ba, fitilar LED kuwa idan aka juya mata waya ba za ta kama ba.

Daga nan sai lissafi. Ana raba ƙarfin fitila na wat da 12 a samu amfiyar da za ta ja. Fitilun LED huɗu masu wat 27 kowacce sun tashi wat 108, wato amfiya 9. Idan kuwa masu kwan halojin ne na wat 55, huɗun za su ja fiye da amfiya 18, ninki biyu ke nan, ga zafi, ga kuma zaren cikin kwan da girgiza ke tsinkawa. A karanta abin da aka rubuta a jikin altanetar, a haɗa jan sabbin fitilu da na tsofaffi, a tabbatar an bar kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta domin cajin batir.

Abin da za a saya

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a samu kusan komai. Fitilun aiki iri biyu ne: mai baza haske a faɗi kusa da tarakta, da mai harba shi nesa a tsuke. Aikin gona mai bazawa yake so, domin abin da ake son gani shi ne kunya da bakin garma, duk a cikin taku ashirin. A nemi mai jikin alminiyam, wadda aka rubuta wa IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Lambar wat da ke jikin kwali ba abin rantsuwa ba ce, sau da yawa an ƙara mata gishiri, don haka a sa mai shago ya jona ta a batir a gani da ido, a kuma auna nauyinta a hannu, domin marar nauyi ba ta da ƙarfen da zai kwashe zafi. Idan akwai zaɓi, a ɗauki mai haske da ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa a kan fari fat mai shuɗi-shuɗi, wanda a cikin ƙurar kafce ko hazon hunturu yake dawowa idon direba kamar an tare shi da farin bango.

Na baya su ne: jajayen fitilu masu haɗe da na birki da tirafiketa, biyu na tarakta biyu na tirela, fitilar gargaɗi mai walƙiya, launin ruwan lemo, sitika mai ƙyalli ja da fari ko ja da ruwan ɗorawa, da allon nan mai kusurwa uku, cikinsa ruwan lemo gefensa ja mai mayar da haske, wanda a ƙasashe da dama yake nuna abin hawan da ba ya wuce kilomita 40 a awa. Sitikar da allon su ne mafi araha a cikin kayan, kuma su kaɗai ne ke ci gaba da aiki ranar da batir ya mutu.

Kayan wayarin kuwa sun haɗa da wayar mota mai silin jan ƙarfe da yawa, mai kaurin murabba'in milimita 2.5 na babban layi da 1.5 na rassa, ja da baƙa. Fiyus da gidansa mai murfi. Rile, wato makunnin da ƴar wuta kaɗan ke kunnawa, mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40. Makunnai masu rufin roba. Bututun roba da ake zura waya a ciki. Zoben roba na bakin huda. Kawunan waya masu zobe. Da robar ɗaure waya. Wayar gida mai sili ɗaya ba ta yi, girgiza na karya ta daga ciki ba a gani. A kankare bakin wayar da wuƙa kafin a biya, domin akwai wadda alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe.

Kafa fitilun

A kashe injin, a zare makulli, a sauke garma ƙasa, a ja birkin hannu, sannan a kwance kan batir da ke ɗaure a jikin ƙarfe kafin ɗayan. Idan akwai walda a aikin, a cire wayoyin altaneta su ma, a rufe tankin mai da tiyoyinsa, ko mafi kyau a yi waldar mariƙin a ƙasa a zo a ɗaura shi da noti.

Akwai doka ɗaya da ba a karyawa. Idan taraktar na da ƙarfen kariya, wato wanda ya yi baka a bayan kujera domin ya tare direba in ta kife, ba a huda shi kuma ba a yi masa walda, saboda huda ɗaya ta isa ta zama wurin da zai lanƙwashe ranar da ake buƙatarsa. Maƙalin da ke rungumar ƙarfe a ɗaure da noti biyu ake amfani da shi. Rumfar inuwa da mai walda ya ƙera kuwa ana iya huda ta, haka madigadi, bayan an leƙa ƙarƙashi an tabbatar ba waya ko tiyo.

Fitilun aiki na gaba su zauna a kusurwoyin rumfa, a ɗan ja su baya daga bakinta kaɗan yadda haskensu ba zai sauka a kan bonet da salansa ya dawo ido ba. Na baya su zauna a sama su kalli ƙasa, ɗaya daga kowane gefe, domin fitila guda a tsakiya tana jefa inuwar garmar a daidai inda ake son gani. Idan ba rumfa, sai a kafa su a kan madigadi da ɗan ƙarfe mai tsayin kamu ɗaya ko biyu. Madigadi falle ne marar kauri, don haka a sa faffaɗar wosha ko ɗan farantin ƙarfe ta ƙasa, in ba haka ba nauyin fitilar zai tsaga shi a hankali. A yanko tsohon tib a shimfiɗa tsakanin mariƙi da jikin tarakta, a ɗaure da noti mai roba a ciki ko a ninka noti biyu. Fitilar gargaɗi ta hau wuri mafi tsayi, inda za a hange ta ta kowace fuska, har ta saman kayan da ke cikin tirela.

Jajayen baya su tafi can gefe iyakar faɗin taraktar, daidai da juna a tsayi, domin mai tahowa da su yake auna faɗin abin da ke gabansa. Fitila ja guda ɗaya a cikin duhu babur take nunawa, sai mai mota ya yi shirin kauce wa babur ya tarar da tirela. A tirelar ma haka za a yi, amma a ƙera musu ɗan keji na rodi, saboda masu lodi da ja da baya ba sa barin fitila ta yi mako. Allon mai kusurwa uku a kafa shi a tsakiyar baya, tsininsa na kallon sama, sitika kuma a bi gefen tirelar da bayanta da ita bayan an wanke ƙarfen ya bushe.

Jan waya

Jar waya mai kauri za ta tashi daga kan batir mai alamar tarawa ta shiga fiyus, kuma fiyus ɗin ya kasance kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Dalili shi ne duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Na taɓa tsayawa a kan wata tarakta da aka ja wa waya kai-tsaye daga batir, aka bi da ita ta ƙarƙashin matakar ƙafa ba bututu, ƙarfen kuloci na gogar ta duk lokacin da aka taka. Ranar da robar ta cinye, wayar ta yi ja kamar garwashi tun daga farko har ƙarshe, ta narka sauran wayoyin da ke kusa, direban kuma da ƙasa ya kashe wutar, cikin gonar masara busasshiya. Fiyus ɗin da zai hana wannan bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Girmansa ya ɗan ɗara abin da fitilun ke ja: ga amfiya 9, fiyus na 15 ya yi daidai a kan waya mai kauri 2.5. Idan ya ƙone, sanarwa ce yake yi cewa akwai matsala, ba a naɗe shi da silin waya ko takardar kwalin taba.

Daga fiyus wayar ta shiga ƙafar rile mai lamba 30. Daga ƙafa 87 ta fita zuwa fitilun. Ƙafa 85 ta tafi jikin ƙarfe, ƙafa 86 kuma ta karɓi siririyar waya daga makunni. Amfanin rile shi ne babbar wutar ta bi gajeriyar hanya daga batir zuwa fitila, makunnin da ke gaban direba kuwa ƴar wuta kaɗan kawai yake ɗauka, ba zai yi zafi ya narke ba. A ɗaure rilen ƙafafunsa na kallon ƙasa a wurin da ruwa ba ya taruwa. Wutar da ke zuwa makunnin a ɗebo ta daga layin da sai an murɗa makulli yake kawowa, a sa mata ƙaramin fiyus nata, yadda in an zare makulli fitilun aiki za su mutu ko da direba ya manta.

Fitilun aiki na gaba da na baya kowanne ya samu makunninsa da rilensa. Fitilar gargaɗi da jajayen baya kuwa a ba su layi dabam mai fiyus ɗinsa, wanda bai bi ta makulli ba, saboda lokacin da aka fi buƙatarsu shi ne lokacin da tarakta ta mace a gefen titi da dare.

Kowace waya ta shiga bututun roba, ta bi inda wayoyin asali suka bi, a ɗaure ta duk bayan kamu ɗaya. A nisanta ta da salansa da fanka da bel, da ƙarafan birki da kuloci da sitiyari, da hannayen ɗaga garma, da sandar baya mai juya injuna. A ɗaga hannayen garma har sama a sauke, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ana kallon ko wani abu na taɓa wayar. Duk inda ta ratsa huda a ƙarfe a sa zoben roba. Inda aka haɗa waya biyu, a matse su da kan waya ko a yi musu dalma a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa su da hannu a naɗe da salatif ba ya ƙetare zafin watan Afrilu. A bakin kowace fitila a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, domin ruwan sama ya ɗiga a can maimakon ya bi ta ciki.

Sai wayar at, wato baƙar da ke mayar da wuta jikin ƙarfe. Mafi yawan fitilun da ke kamawa suna ɗaukewa, ko suke dishi-dishi, a nan ciwonsu yake. Rumfa da madigadi a kan fenti da tsatsa da roba suke zaune, ba a dogara da su. A ja baƙar waya daga kowace fitila zuwa noti ɗaya a jikin injin ko gangar jikin taraktar, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafe da giris.

Ga tirela, soket mai ƙafa bakwai irin na Turai ya fi jona waya da hannu kullum. Tsarinsa sananne ne: ƙafa ta 1 tirafiketar hagu, ta 2 fitilar hazo, ta 3 at, ta 4 tirafiketar dama, ta 5 jar fitilar dama, ta 6 birki, ta 7 jar fitilar hagu. Idan aka bi wannan tsari, kowace tirela mai irinsa za ta yi aiki da taraktar. A bar wa wayar sakin da zai isa kwana mai tsanani, amma a rataye ta kada ta ja ƙasa. Wanda ya mayar da tirafiketa LED ya ga tana ƙiftawa da sauri ko ta tsaya cak, to fulasha ce, wato na'urar da ke sa ta ƙiftawa, sai a canja ta da wadda aka yi domin LED.

Madubai

Madubin da ba ya leƙa bayan kaya ado ne kawai. A auna faɗin tirelar a lokacin da take ɗauke da lodi, ba a fanko ba, domin buhuna da karan dawa suna zarce gefenta. Hannun madubin ya fita har gilashin ya ɗara wannan faɗin. Wanda ake zuƙewa a miƙe, ko mai gwiwa da ke naɗewa in ya bugi reshe, ya fi wanda aka yi wa walda a sandare. Madubin babbar mota, dogo mai faɗi, shi ya fi dacewa, a liƙa ko a ɗaura ƙaramin mai ƙumbo a ƙarƙashinsa domin ya nuna gefen taya. A tuna cewa mai ƙumbo yana nuna mota ta fi nisa fiye da inda take, don haka da babban ake auna tazara.

A sa a gefe biyu. Idan dole sai ɗaya, na hagu ne, tunda a dama muke tuƙi a Nijeriya tun 1972, haka kuma a Nijar, kuma ta hagu ake wuce tarakta. Hatsarin da aka fi jin tsoro shi ne direba ya karya hagu zai shiga hanyar gona a daidai lokacin da mota ta fito za ta wuce shi.

Abokin gabar madubi girgiza ce. Injin Perkins a tsaye yana kaɗa dogon ƙarfe har hoton ya zama ruwa. Maganinsa shi ne a yi hannun da bututun ƙarfe mai ɗan kauri, a ɗaure shi a wuri biyu a jikin sandar rumfa da maƙali, a ƙara masa tokara daga ƙasa yadda zai zama kusurwa uku, da tib a ƙarƙashin kowane maƙali. A tayar da injin a duba a sulo da kuma a wutar aiki, idan hoton na rawa a rage tsawon hannun ko a matsar da tokarar kusa da gilashin.

Wajen saiti, direba ya zauna yadda ya saba, wani ya juya masa gilashin har ya zama gefen tirelar ya ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu ta ciki, saura duk hanya. Mutum ya tsaya a wutsiyar tirelar, sannan ya ja baya taku talatin, a tabbatar ana ganinsa a duka wuraren. Ƙaramin madubi mai ƙumbo da aka kafa a bayan kujera yana kallon ƙasa zai nuna wa direba ramin ƙarfen ja, yadda ba sai yaron mota ya tsaya tsakanin tarakta da tirela yana ba da hannu ba.

Gwaji da saiti da dare

A mayar da kan batir mai alamar tarawa, sannan na jikin ƙarfe. A kunna layi ɗaya bayan ɗaya, a bar su duka a kunne minti goma injin na aiki, a bi wayoyi da rile da gidan fiyus da hannu. Ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa alama ce ta siririyar waya ko haɗin da bai kama ba. Mitar da ke kan batir ta ci gaba da nuna sama da 13V duk da fitilun.

Manyan fitilun hanya a saita su a jikin bango daga nisan mita 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, tsakiyar hasken ya sauka kimanin santimita 10 zuwa 20 ƙasa da tsayin fitilar. Na aiki a karkatar da su har hasken ya faɗi a ƙasa inda garma ke ci, na hagu da na dama su ɗan haɗu a tsakiya. A leƙa madubai a ga ko wata fitila na dukansu.

A kan titi ana kashe fitilun aiki gaba ɗaya, musamman na baya. Farin haske a baya yana makantar da mai tahowa, yana danne jajayen fitilun, yana kuma sa shi ya zaci mota ce ke fuskantarsa a hannunsa. Yana da kyau a sa wa makunnin baya ɗan kwan da ke nuna yana kunne, a gaban direba.

Bayan kwana biyu ko uku ana aiki a sake bin kowane noti da sifana, domin a nan ne sabon ɗauri ke saki. Daga nan kuma tsumma ɗaya ya zauna a akwatin kayan aiki, a goge fitilu da madubai da sitikar tirela duk lokacin da za a fito daga gona a hau kwalta, a kuma ajiye fiyus biyu ko uku na kowane girma a cikin ƴar leda kusa da batir.